Kawu Sanyi da Rumbun da Ya Ƙi Tashi

Masu shara ba su gama jiƙa tsumma ba Kawu Sanyi yake jingine kekensa a jikin ɗakin janareta. Yakan zaro rigar sanyi daga kwandon keken ya ɗora a kan kayansa, ko da kuwa zafin garin ya kai a soya ƙwai a kan bonet. Sai ya gaishe da mai gadi, ya bi barandar baya, ya wuce inda ake jibge gadajen da suka karye da kekunan marasa lafiya da tayoyinsu suka fita, har ya kai ƙofar ƙarshe. Ɗaki ne marar taga. In ka buɗe shi sanyi ne zai fara marinka, sannan ƙugin fanka.

Asibitinmu na masu ciwon sikila ne. A ɗakin nan babbar kwamfuta take, wadda masu abin ke kira uwar garke, don duk ƙananan kwamfutocin da ke teburin likita da na nas da na ɗakin magani a wurinta suke tsotso. A cikinta kuwa akwai rumbun bayanai: sunan kowane marar lafiya, irin jininsa, maganin da jikinsa ya karɓa da wanda ya ƙi. Kawu ne ya kafa ta tun asibitin yana ɗaki uku, shi ne kuma ya yi renonta shi kaɗai har furfura ta gama cin kansa.

Abin da yake fara yi kullum shi ne ya kara bayan hannunsa a jikinta, kamar uwa tana duba zazzaɓin ɗa. Sai ya tsaya ya saurara. Ya ce kowace na'ura da irin numfashinta, kuma kafin ta kwanta sai numfashin ya sauya. Daga nan ya zauna a kujerarsa mai ƙafa ɗaya ɗaure da waya, ya duba ko ajiyar jiya ta kammala. In azahar ta yi ya fito ya yi salla, ya ci abin da ya ƙullo daga gida a kan wani benci a bayan ɗakin, shi da kyanwar asibiti.

Ni mai wannan rubutu direban motar asibitin ne. Karatuna bai yi nisa ba, amma na tuƙa manyan motoci ƙasa-ƙasa kafin gwiwa ta ce in nemi wuri in zauna, kuma in na ga ma'aikaci ina gane shi. Shi ya sa da mutumin nan ya ajiye aiki na ce ba zan yi shiru ba.

A ofishin shugaba akwai hotunan ma'aikata jere a bango, na kowace shekara. Ku je ku duba, ba za ku ga Kawu a ko ɗaya ba. Ba wanda ya hana shi, mantawa ake yi a sauka a kira shi. An taɓa yin wata sabuwar nas da ta yi wata da watanni tana zaton mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, har ta ba shi lambar gidansu ya je ya duba musu firji. Ya je kuwa, ya gyara, bai ce mata komai ba.

Mai ɗakinsa ta rasu da daɗewa. 'Yarsa ɗaya ce, tana aure a nesa, takan kira shi ta nuna masa jikoki a waya. Ɗakin haya yake zaune, shi da rediyo.

Tsohuwar mai shara ta ba ni labarin shekarar da na'urar sanyin ɗakin ta mutu, aka ce sai an yi oda. Ta ce da ido ta ga Kawu ya ɗauro fankar gidansa a bayan keke, ya kafa ta tana fifita uwar garke har aka kawo sabuwa. Da ta tambaye shi shi kuma da me yake kwana, sai ya ce, “Iya, ni in na ji zafi sai in juya. Ita ba ta iya juyi.” Mai ɗakin magani kuma ya shaida ranar da rufin ya tsage ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya ruga ceton takardu da katifu. Da aka tuna da ɗakin ƙarshe sai aka tarar da Kawu tsaye cikin ruwa har idon sawu, ya ɗora na'urar a kan tebur biyu, ya lulluɓe ta da ledar gado, shi kuma ya jiƙe sharkaf.

Yana da doka ɗaya a aiki, wadda kanikawanmu na tasha ma ba duka suka riƙe ta ba: ba a taɓa abu biyu lokaci guda. In ka sauya fulogi ka sauya batir mota ta tashi, to, ba ka san wanne ne ya yi ciwo ba, kuma gobe zai dawo maka.

Kai ne ginshiƙin da ke cikin bango, Kawu. Ana yabon fenti, kai kana ɗauke da rufi.

Da lokacin ritayarsa ya matso sai asibiti ya sayo sabuwar uwar garke, aka kuma ɗauko wadda za ta gaje shi. Injiniya muke ce mata. Mace ce mai 'ya'ya biyu, mai karatu mai zurfi, hannunta a kan madannan kwamfuta kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ta girmama Kawu sosai, ba ta zama sai ya zauna. Shi ma ya ji daɗinta, ya ce yarinyar nan ta san abin da ni sai dai in ji a rediyo.

Ranar hutun ƙarshen mako aka sa za a kwashe kaya daga tsohuwa zuwa sabuwa. Kawu ya nuna mata inda komai yake, ya miƙa mata kalmar sirri, sannan ya ɗauki hularsa.

“Kawu, ba za ka tsaya ba?”

“In na tsaya a kanki kamar mai gadin jarrabawa, ai hannunki rawa zai yi. Ɗakinki ne yanzu.”

Ya tafi, ba don ba ya son tsayawa ba. Mai gadi ya ce ya daɗe a bakin ƙofa riƙe da keken kafin ya hau. Kara ce ya yi mata, kada ta ga kamar bai yarda da ita ba.

Injiniya ta gwada sabuwar da rumbu fanko, ya tashi lafiya lau. Ta kwashe bayanai ta zuba, ta kashe tsohuwar, aka tura ta baranda aka rufe da tsohon labule, a kan cewa ranar aiki da yamma za a goge cikinta tas, don doka ba ta yarda sirrin marasa lafiya ya fita asibiti ba.

Ranar aikin ta zo, ita ce kuma ranar ƙarshe ta Kawu. An shirya masa ɗan taron ban kwana a sama bayan la'asar. Da safe Injiniya ta danna rumbun ya tashi da kayansa. Ya yi kamar zai tashi, sai ya koma ya kwanta. Ta sake dannawa. Allon ya ce ya kasa, bai ƙara ko harafi ba.

A sama kuwa layi ya fara tsawo. Masu karɓar magani za su iya jira, amma akwai wadda ba za ta iya ba. Wata yarinya ce 'yar sakandare aka kawo da asuba, ciwon ya tashi, jininta ya yi ƙasa ƙwarai, leɓenta fari fat. Likita ya ce sai an ƙara mata jini. Uwar ta riƙe masa hannun riga ta ce, “Likita, an taɓa ƙara mata tana ƙarama jikinta ya ƙi, saura kaɗan mu rasa ta. Aka yi gwaji aka ce akwai irin wanda ba za a ƙara sa mata ba. An ce an rubuta a kwamfuta.” Ta manta sunan abin, kuma wa zai ga laifinta? In za a sake gwajin sai an aika wani gari, a jira kwanaki. Likita ya ce ba zai ɗaura jini da ka ba, a buɗe masa bayananta.

Babbar nas ce ta sauko, tana tafe ƙasa na amsawa. Ita ce ta raɗa wa Kawu sunan Sanyi tun suna da ƙuruciya, kuma ba ta taɓa raga masa ba.

“Kawu! Wannan sabuwar taku gwanjo kuka sayo mana? Ko in kira direba a tura ta?”

“Hajiya, shigo ki rufe ƙofa, kina fitar mana da sanyi.”

“Sanyin gidanku! Ina da yarinya a gado tana numfashi sama-sama.”

Da ta faɗa musu halin da ake ciki sai wasa ya ƙare. Injiniya ta bi komai bi da bi. Faifan ajiya ya cika? Ko rabi bai kai ba. Wata manhaja ce ta tare hanyar da rumbun ke bi? Babu. An hana shi izinin buɗe kayansa ne? Ta duba, ta gyara abin da take shakka, ta danna. Shiru. Sanyin ɗakin bai hana goshinta tsatsafo da gumi ba.

“Kawu, bari in goge in sake ɗora shi daga farko. Wataƙila wajen ɗorawa aka samu matsala.”

“Yana iya yiwuwa. Amma kafin mu rushe, mu ji ta bakinsa. Ina yake rubuta kukansa?”

“Na karanta. Ƙarshensa cewa yake ya daina.”

“Ƙarshen kuka ai duk iri ɗaya ne, 'yata. Hau sama, mu ga inda aka fara taka shi.”

Ta yi sama da rubutun, shi yana gyara tabarau. Idonta ya fi nasa, ita ce ta fara gani. Ta ɗora yatsa a kan wani layi.

“Ga shi nan. Yana neman wani ɓangare nasa a wani wuri, bai samu ba. A cikin wata jaka mai suna...” Sai ta ɗago ta dube shi. “Sanyi.”

A kwamfuta kowane ma'aikaci yana da jakarsa ta ajiya da sunansa, inda yake zuba abin da ya shafe shi. Kawu ya zare tabarau ya riƙe a hannu. Ya tuna. Wata shekara can baya faifan rumbun ya cika maƙil ana tsakiyar aiki, babu sabo, likitoci na jira. Wurin da ya rage da sarari a na'urar shi ne jakarsa. Sai ya ɗauke ɓangaren da ya fi nauyi, na bayanan jini, ya zuba a can, ya bar wa rumbun alamar inda zai same shi. Ya ce na mako ɗaya ne. Abin ya zauna daram, shekaru suka bi ta kai, ya manta da shi kamar yadda mutum ke manta tabon da ke bayansa. Wanda yake aiki shi kaɗai ba shi da mai ce masa, “Wannan fa?”

“Na ga jakar,” in ji Injiniya, muryarta ƙasa-ƙasa. “Na ga sunanka a kai, na ce wannan ta babba ce, ba hurumina ba. Ko buɗewa ban yi ba.”

“Ni kuma na tafi gida don kada in takura miki.”

Babbar nas ta tafa hannu. “La ilaha illallahu! Ita ta ji kunyarka, kai ka ji kunyarta, yarinyata kuma ta mutu da ladabinku? Ina jakar take?”

Tana cikin tsohuwar, a baranda, ƙarƙashin labule. Da an kai yamma da an goge ta.

Aka turo ta ɗaki a hankali kamar mai naƙuda. Tsohuwar nan ta shekara da shekaru ba a kashe ta ba, kuma irinsu in suka huce ba kullum suke farkawa ba. Kawu ya jona ta ya danna. Fanka ta juya, faifan ya yi ƙas, ƙas, ya tsaya. Injiniya ta kai hannu za ta sake dannawa, ya tare.

“Bar ta ta ɗumama. Kada kowa ya jingina da teburin nan.”

Suka tsaya su uku suna jira. Wayar babbar nas tana ta ruri a aljihu, ta ƙi ɗauka don ta san tambayar. Kawu ya kara hannunsa a jikin ƙarfen, leɓensa na motsi. Can ya danna. Ƙas, ƙas, sai wani dogon gurnani, rubutu ya fara gudu a allo.

Da jakar ta buɗe ba bayanan jini ne suka fara fitowa ba. Hotuna ne. Wata mata zaune a bakin ƙofa tana tsintar wani abu a faranti, ta ɗago tana hararar mai ɗaukar hoton. Ita dai a wurin suna, ita dai a gadon asibiti ta rame tana murmushi. Sai jikoki, wannan yana rarrafe, wancan ya sha kuka. Duk abin da mutumin nan ya mallaka a duniya yana nan a jaka ɗaya da jinin marasa lafiyarmu. Injiniya ta kawar da kai.

“Duba mana, ai ba ta cizo,” in ji shi. “Mai ɗakina ce. Takan ce sanyin ɗakin nan nake kai mata gida a tafin hannu.”

Babbar nas, wadda ta yi jinyar matar, ta juya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Don sauri Injiniya ta buɗe jaka mai sunan Sanyi a sabuwar na'urar, ta zuba bayanan a ciki yadda rumbun ya saba samu. Ta danna. Ya tashi. Babbar nas ba ta ce musu ko sannu ba, da gudu ta hau sama. Likita ya ga abin da yake nema, aka samo jinin da ya dace, kafin la'asar leɓen yarinyar ya fara ja. Uwar ta bi likita da addu'a, ta bi nas-nas, har mai gadi sai da ya samu rabonsa. Ba ta san akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda ba.

Da aka sallami layi, Injiniya ta ce, “Kawu, a bar shi haka. Yana aiki. Kuma sunanka zai zauna a cikin na'urar nan ko bayan ni. Ka cancanci fiye da haka ma.”

Ya daɗe yana kallon sunan a allo. Wa zai ƙi? Mutumin da ba ya cikin hoto ko ɗaya, ga wuri guda an ce nasa ne har abada.

“A'a,” ya ce. “Wata rana wani zai gaje ki. Zai ga jaka da sunan tsohon da bai sani ba. In mai kunya ne ya bar ta a baya, in marar kunya ne ya goge ta. Ko ta ina yarinyar wani ce za ta biya. Mayar da kayan inda kowa zai neme su.”

“Ana jiranka a sama fa.”

“Sun saba.”

Aikin ya ci lokaci, don sai da aka tsayar da rumbun, aka matsar da kayan, aka nuna masa sabon wuri, aka tashe shi, aka kashe, aka sake tashe shi don a tabbata. Abu ɗaya bayan ɗaya. Ya sa ta rubuta abin da suka yi ta manna a inda mai zuwa zai gani. Ta juye masa hotunansa a ɗan filashi, 'yar ma'ajiyar nan mai kamar yatsa, ya sa a aljihun gaba ya danne da hannu. Da ya rage sai goge jakar da ta zama fanko, ta tura masa madannan. Shi ya goge da yatsansa.

Da suka hau sama an watse. Masu ɗauko yara daga makaranta sun tafi, likita ya shiga ɗakin marasa lafiya, masu shara suna jera kujeru. A kan tebur an bar masa kyautarsa a naɗe da kwalbar lemo ɗaya da ta huce. Ya zauna ya sha lemonsa, ya yi wa masu sharar godiya kamar su suka shirya taron.

Kawu, kai ne ka yi kuskure irin na wanda aka bari shi kaɗai da kaya, kuma kai ne ka ƙi a gina maka suna a kan kuskuren. Na ga masu riƙe makulli da yawa a yawona. Na ga bakaniken da ke ɓoye wata waya a inji don dole a dawo wurinsa, na ga magatakardan da ya tafi kabari da sanin inda takardu suke. Kowa so yake a ce in ba shi ba sai rijiya. Kai kuwa ka yini ranarka ta ƙarshe kana ƙoƙarin kada a sake bukatarka.

Mun gode. Yarinyar nan ta koma makaranta, ita ma ta gode ko da ba ta sani ba. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan mai ɗakinka, ya sa jikokin nan su taso su san wane ne kakansu.

Ku kuma masu karatu, kowa ya dubi abin da aka damƙa masa, ko shago ne, ko aji, ko ɗakin magani, ya tambayi kansa: in ban zo gobe ba, zai tashi? In amsar a'a ce, kada ka ɗauka daraja ce. Kira na bayanka ka zaunar da shi kusa da kai, ka buɗe masa har inda kake jin nauyin buɗewa. Ku ma na baya, in kun ga abin da ba ku gane ba ku tambaya, babba bai taɓa mutuwa don an tambaye shi ba.

Washegari na bi ta barandar baya da sassafe, na tarar da Injiniya ta buɗe ɗakin. Na nuna sabuwar uwar garke na ce, “Yaya mutuniyar?” Ta ce ta tashi tun bugun farko. Na kira Kawu a waya na faɗa masa. Sai ya ce, “Madalla. To, ba ta neme ni ba ke nan.”